Uwar Maƙerar Baba

Birnin Kudu,
farkon bazara.

Zuwa ga ƙanwata Ummussalma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da yara da jikoki, da mutanen Gwaram, waɗanda suka san ni da waɗanda suka manta. Ya zafi? Mu ma nan mun shiga.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Badaru direba. Wayar da yara suka aiko mini daga Abuja na cire mata layi. Tun rasuwar mai ɗakina Hawwa kiran da ke shigowa iri biyu ne: ko a gaya mini wani ya mutu, ko a ce in zo tantancewar 'yan fansho in nuna ni ban mutu ba. Takarda ta fi mini, tana barin mutum ya gama maganarsa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Uwar maƙerar Baba nake so, ƙarfen nan da yake bugu a kai. Na ji tun da Allah ya yi wa ƙanenmu Hadi rasuwa aka daina hura wuta a maƙerarmu ta Fagam, 'ya'yansa ba mai sha'awar ƙira, ke kuma kika kwashe kayan kika kai ɗakinki don kada masu sayen tsohon ƙarfe su ɗora su a sikeli. Kin kyauta. Yanzu ga mai buƙata ya samu.

Na fara ƙira, Ummu. Yi dariyarki ki gama, zan jira.

Akwai wani shago a tasha da ke zuba wa mutane fina-finai a waya. Na ce su zuba mini na maƙeran ƙasashen waje. A can sai ki ga likita ko lauya ya taso daga aiki, ya shiga ɗan ɗakinsa na bayan gida, ya ja ƙofa, ya ƙera wuƙa don jin daɗin ransa kawai. Ba ya sayarwa, ba wanda ke tsaye a kansa. Da na gani na ce ashe akwai sana'ar da mutum zai yi ba tare da mutane ba.

Inda Hawwa ke kiwon kaji a bayan gida, nan na kafa rumfar kwano. Na haƙa ɗan rami na shafe shi da yumɓu. Wani mai walda ya haɗa mini fanka da wilin keke, ana juyawa da hannu tana hura wuta. Na sayi guduma da awartaki a kasuwa, gawayin ƙirya kuma daga hanyar Kangire ake kawo mini, don gawayin girki toka yake zama kafin ƙarfe ya yi ja. Abin da nake bugu a kai guntun ƙarfen layin dogo ne da na samo a Kano. Yana aiki, amma ƙararsa ba daɗi, kuma yana tsalle a ƙarƙashin guduma. Kunnena bai manta ƙarar ta Baba ba, ko da yake ina ƙarami aka ɗauke ni daga gindinta aka kai makaranta.

Zuwa yanzu na ƙera ƙugiyar guga da wani abu da na yi niyyar ya zama cokali. Ba na jin kunya. Na ba mutane ƙuruciyata da ƙarfina a aikin koyarwa, kuma yaran da na koya wa rubuta sunansu su ne suka sa hannu a takardar da ta ajiye ni a ofishin da ba komai sai tebur da kalanda. Ƙarfe ba ya yi wa mutum haka. In ka kuskure, a gabanka yake nuna maka, ba ya jira sai ka juya baya.

Ki ba Badaru ita in ya zo ranar kasuwa. A gaida kowa.

Yayanki,
Badamasi.

*

Gwaram.

Yaya Badamasi,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya, kowa yana gaishe ka. Ya kaɗaici? Allah ya jiƙan Hawwa, ya jiƙan Hadi, ya kyauta namu zuwan.

Dariya kam na yi, har maƙwabciyata ta leƙo ta ce ko an yi mini albishir da Makka. Na ce a'a, Firinsifal ne ya koma gindin wuta. Yaya, kai da in ka zo hutu ba ka zama a maƙera don kada hayaƙi ya kama maka farar riga? Ni aka bari da zuga-zugi, hannuna har yau da kanta. Amma wallahi na ji daɗi. Ko ba komai ka samu abin da zai tashe ka daga kan tabarma.

Maganar uwar maƙera, tana nan ƙarƙashin gadona cikin buhu. Sai dai ba tawa ba ce balle in yi kyauta da ita yadda na ga dama. Kana Zariya lokacin da Baba ya miƙa wa Hadi ita, ni ina wurin. Abu biyu ya ce. Na farko, ba a kafa ta a wurin da ke da ƙofa. Ka tuna maƙerarmu, rumfa ce kawai ta kara a bakin hanya, duk wanda fartanyarsa ta karye ya shigo, ba a tambayarsa ɗan gidan wa ne. Na biyu, kada a bar ta ta yi damina biyu a jere ba ta ga aiki ba. In gidanmu ya rasa mai kafa ta, a ba maƙeran da ke aiki, ko ba danginmu ba ne.

Daminar bara ta wuce tana kwance. Saboda haka na riga na yi magana da Malam Ahmad, babban maƙeran bakin kasuwar nan, cewa in ruwan shuka ya sauka ba wanda ya kafa ta daga jinin Baba, ya zo ya ɗauka. Saifullahi ɗan Hadi ya sani, ya ce shi acaɓarsa ta ishe shi.

Kai jinin Baba ne, ka fi kowa cancanta. Amma abin da ka kwatanta mini, rumfa a bayan gida, bayan zaure, bayan ƙofa mai makulli, ba maƙera ba ce. Ɗakin fushi ne da wuta a ciki. Ka fito da wutarka ƙofar gida inda mai wucewa zai gan ka, ni kuma ranar zan ɗora ta a mota.

Kana cin abinci kuwa? Na ba Badaru daddawa da kuka ya kawo maka.

Ƙanwarka,
Ummussalma.

*

Birnin Kudu.

Ummu,

Bayan sallama da gaisuwa, daddawa ta iso, na gode. Sharaɗinki kuma ban karɓa ba.

Baba ya yi maganarsa a zamanin da in ka gyara wa mutum garma zai tuna da kai ranar girbi. Ni na ga wani zamanin. Na san abin da zai faru in na zauna a ƙofar gida da guduma. Waɗanda suka yi ta kirana ɗan maƙeri a bayan idona a ɗakin malamai za su rage gudun mota su leƙo, su ce ga shi nan, ya koma inda ya fito. Sauran kuma su kawo mini aiki, in ya yi kyau su yi shiru, in ya lalace gari ya ji. Na gama wannan makarantar. Ba zan kai ki gaban kowa a kan ƙarfe ba, ke ƙanwata ce, amma ki sake tunani. Baba bai ce a ba bare ita alhali ɗansa na fari yana roƙo ba.

Bari in ba ki labarin abin da ya fi daɗi. Na samo tsohon sifirin mota wajen makanikai, na yanko guntu na ce wuƙa zan yi. Na yini ina bugu har ta yi siffa. Da ta yi ja na tsoma ta a ruwan randa don ta yi tauri. Sai na ji wata 'yar ƙara, ƙyas. Na ɗaga, ga tsaga tun daga baki har tsakiya. Na zauna na daɗe ina kallonta. Abin mamaki, raina bai ɓaci ba. Na koma wayar na duba, ashe irin wannan ƙarfen ba ya son ruwan sanyi, a mai ake tsoma shi. Na karɓo baƙin mai wajen makanikan na sake wata. Ita ce Badaru zai ba ki, a naɗe cikin jarida. Ƙotar ba kyau, ban iya sassaƙa ba, amma ki gwada ta a kuɓewa.

Na kuma gane dalilin da ya sa maƙerar Baba take da duhu-duhu. A cikin rana ba ka ganin launin ƙarfe, sai ka ɗauka bai yi zafi ba alhali yana gab da ƙonewa. Na rataya tsohuwar tabarma ta gefen yamma. Yanzu ina bambance ja irin na gauta da ja mai ruwan ɗorawa, kuma na san a wanne ƙarfe ke jin magana. Babban yatsana ya ƙone sau da yawa kafin in koya.

Fankar ce ke gajiyar da ni. In juya da hannu ɗaya, in saki, in ɗauki awartaki, in ɗauki guduma, kafin nan ƙarfen ya fara hucewa. Ga ƙugi kamar keken da ba mai. Jiya ina juyawa sai na kama kaina ina neman sautin zuga-zugin Baba a cikinta, wannan fuf-fuf, fuf-fuf da ke tashe mu da safe. Babu shi.

Ki gaida Saifullahi, ki ce ya riƙa tafiya a hankali.

Yayanki,
Badamasi.

*

Gwaram.

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Wuƙa ta iso. Ta yanka kuɓewa, ta yanka albasa, ta kusa yanka ni. Ƙotar kam kamar ƙafar akuya, amma bakin ya yi. Na nuna wa Malam Ahmad, ya juya ta ya ce hannun gidanku ne. Ban ƙara masa komai ba, haka ya ce.

Tunani na sake, na dawo inda nake. Ba ni na kafa sharaɗin ba, ba ni zan sauke shi ba. Masu rage gudun mota kuma, Yaya, yawancinsu sun mutu, sauran ba sa gani sosai.

Amma zuga-zugin Baba ba ya cikin sharaɗi. Tunda sautinsa kake nema, ga shi nan na ba Badaru, da bututun yumɓunsa, a riƙe shi da kyau kada ya fashe. Fatun sun bushe sun yi tauri, in ka matsa su haka za su tsage. Ka shafe su da man kaɗanya sosai, ciki da waje, ka rataye su inda iska ke shiga tana fita amma rana ba ta taɓawa, har sai sun yi laushi. Kada ka sa su a ɗaki rufe, za su yi fumfuna.

Hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma, yana watsewa. Mutane sun fara sharar gona.

Allah ya bar mu tare.

Ummussalma.

*

Birnin Kudu.

Ummussalma,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, amma a taƙaice, don ina da ƙorafi.

Na bi umarninki. Na shafe fatun da man kaɗanya. Na zagaya gidan nan kaf ina neman inda iska ke ratsawa rana ba ta taɓawa. Rumfar baya kwano ce, da azahar tanda take zama. Ɗakuna a rufe suke. Wuri ɗaya ne ya dace, zaure, shi ma sai an bar ƙyauren waje a buɗe. Na buga ƙusa na rataye su a nan, na tafi sallar la'asar.

Da na dawo na tarar da fartanya biyu da lauje a jingine a ƙarƙashinsu. Ba kowa a wurin. Na ɗauka wani ne ya ajiye zai dawo. Washegari suka ƙaru, har da gatari marar ƙota.

Sai a lokacin na tuna. Haka ake yi a Fagam. Mutum ba ya sallama, ba ya ciniki, in ya ga zuga-zugi a rataye ya san gidan maƙeri ne, ya jingine abinsa ya wuce gona, ya dawo ya ɗauka. Ashe unguwar nan sun daɗe suna jin ƙarar guduma ta bayan katanga suna tambayar juna. Maƙerin da ke wannan gefen ya koma walda, ƙofofi da tagogi yake yi, ba ya kallon fartanya. Mutanen Kangire da ke biyowa ta nan zuwa kasuwa suka ga fatun Baba a zaure, shi ke nan, labari ya gama gari.

Na rubuta da manyan baƙaƙe a kwali, BA A GYARA A NAN, na liƙa a bango. Da safe na samu wata garma an jingine ta daidai ƙarƙashin kwalin, har ta danne shi don kada iska ta ɗauke. Na yi wa liman magana bayan sallah ko zai sanar kowa ya zo ya ɗauki kayansa. Bai bar ni na gama ba, ya kama hannuna ya ce, "Malam, mun ji, mun ji. Allah ya sanya albarka a sana'a." Jama'a suka ce amin. Ina tsaye kamar wanda aka ɗaura wa aure bai sani ba.

Ba zan iya mayar da kayan ba, ban san masu su ba. Ba zan rufe zauren ba, fatun ba su gama laushi ba. Kullum in zan fita sai na tsallake ƙarafan mutane.

Ga kuma abu na biyu. Jiya na sauke zuga-zugin na kai baya na haɗa da bututun, don in ji sautin kawai. Hannu biyu yake ci, Ummu, fata ɗaya a kowane hannu. Wanda ke zuga ba shi da hannun riƙe awartaki. Mutum ɗaya ba ya ƙira da shi. Ke da kika yi ƙuruciyarki a bayansa kin fi kowa sanin haka. Na mayar da shi zaure na rataye.

Ki gaya mini gaskiya, da gangan kika yi?

Badamasi.

*

Gwaram.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ka ce sauti kake so, na aiko maka da sauti. Ni na gina maka gida da zaure ɗaya mai iska? Amma ba zan rantse cewa ban yi murmushi ba lokacin da nake ɗaure buhun.

An yi yayyafi shekaranjiya, ya kwantar da ƙura kawai, bai isa shuka ba. Malam Ahmad ya zo gaishe ni, ya zauna yana ta kallon ƙarƙashin gado. Mutumin kirki ne, ya sha ruwa ya yi sallama ya tafi.

Kayan da ke zaurenka, ko ka gyara ko ka ɗauka ka kai wa mai gyara. Masu su ba su san kana fushi da duniya ba. Su dai sun san ruwa ya kusa, kuma fartanyarsu tana gidan maƙeri.

Ka sha ruwa da yawa, wuta da zafin nan ba wasa ba ne ga mai shekarunka.

Ƙanwarka,
Ummu.

*

Birnin Kudu.

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan ciwon gwiwarki ya yi sauƙi. Wannan takardar za ta yi tsawo, ki samu wuri ki zauna.

Don in rage tarkacen zauren na ɗauki fartanya ɗaya wadda bakinta ya naɗe, na kai baya na miƙe shi na fitar da kaifi, na tsoma, na mayar inda na same ta. Da yamma babu ita, sai ƙullin gyaɗa a wurin. Na ce to, an rabu lafiya.

Ba a daɗe ba, ina karyawa da safe, na ji murya a zaure kamar ana kiran shanu.

"Salamu alaikum! Ina Maƙeri?"

Na fito. Wani dattijo ne siriri, hularsa ta sha rana, riƙe da fartanyar nan gida biyu, ƙota a hannun dama, rabin ruwan a hagu. Ashe na tsoma ta da zafi fiye da kima, ta yi tauri ta zama kamar kwalba. Ummu, na san wannan tsayuwar. Na sha ganin mutum ya shigo ofis riƙe da kuskurenka a hannu. Na gyara tsayuwa na shirya amsa.

Na ce, "Ba maƙeri a nan. Malamin makaranta ne mai ritaya."

Ya ce, "To Malam mai ritaya, ga fartanyarka, ita ma sara ɗaya ta yi ta ajiye aiki. Sunana Ɗan'auta, daga Kangire. Ina wutar?"

Na ce ai na rubuta a kwali ba a gyara a nan. Ya dubi kwalin ya ce, "Wannan? Na ɗauka sunanka ne." Kafin in sake magana ya miƙa hannu ya sauke zuga-zugin Baba daga ƙusa, ya saɓa a kafaɗa, ya bi ƙamshin gawayi har bayan gida kamar gidan kakarsa. Ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa ya sa fata ɗaya a kowane hannu.

Na ce, "Wa ya sa ka?"

Ya ce, "A'a. Wanda ya kawo aiki ai shi ke zuga, ko a garinku ba haka ake yi ba? Ni ban san komai a ƙira ba, kada ka tambaye ni. Zugi na iya, sai surutu."

Bai yi ƙarya ba, a kan surutun. Na ji labarin surukinsa, da jakinsa da ya ci sabulu, da rigimarsa da wani a kan iyakar gona tun suna samari. Da farko hannunsa na sassarfa, sai can ya daidaita. Fuf-fuf, fuf-fuf. Ummu, shi ne. Wutar ta tashi fara tas, irin wadda fankata ba ta taɓa kawowa ba. Ina tsaye da awartaki, hannuna biyu duka nawa ne, amma na kasa motsi. Na ga ƙafar Baba da tabon ƙuna a idon sawu. Na ji ƙamshin kokon da Inna ke aiko ki da shi.

Sai na ji Ɗan'auta yana cewa, "Malam, ƙarfen nan yana ta tartsatsi. Ko haka ake yi a boko?"

Ya ƙone. Na yanko wani guntun sifirin muka sake. Kafin azahar na fitar da sabon ruwan fartanya, na farko a rayuwata. Na ɗaga na duba na ce masa karkatacciya ce.

Ya karɓa ya auna a hannu ya ce, "Ni ma karkatacce ne, gonar ma ba miƙaƙƙiya ba ce. In ta karye in dawo."

Shi ke nan abin da ya ce. Na yi ta jiran sauran, maganar da ake ajiyewa sai an kai bakin ƙofa a juyo a soka maka. Ya kai bakin ƙofa, ya juyo, ya ce gobe zai turo mai gatarin ya zo ya yi nasa zugin, kuma in rage gishiri a fuska don ina tsorata masu kawo aiki.

Tun ranar kusan kullum da wanda ke zuga mini. Har Juliana mai tuyar ƙosai ta bakin titi ta kawo matsaminta da hannun ya cire, ta zuga da kanta tana yi mini dariya wai gemuna ya yi toka. Tarkacen zauren ya ragu. Wasu gyaran sun yi, wasu sun dawo.

Yanzu ga maganar da ta sa na ce ki zauna. Kada ki ɗauka na cika sharaɗi. Ban cika ba. Wutata tana bayan gida. Suna shigowa ne in na buɗe, kuma ranar da na ga dama zan rufe, in sa makulli a aljihu, ba mai ce mini don me. Wannan makullin shi ne abin da ya rage mini bayan duk abin da aka karɓe. Na iya rubuta miki cewa na fito ƙofar gida, ki aiko da uwar maƙerar, ba za ki sani ba sai daga baya. Ba zan yi miki haka ba, ba zan yi wa Baba ba.

Daren jiya an yi ruwa sosai a nan, na san ku ma ya kai ku. Ki ba Malam Ahmad ita. Ki ce masa gefen da ya ɗan lotsa, nan Baba ke lanƙwasa lauje, kada ya sa a goge shi.

Yayanki,
Badamasi.

*

Gwaram.

Yaya Badamasi,

Wa alaikumus salam. Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu, gari duk ya watse gona.

Malam Ahmad ya zo da baro da sassafe. Na karanta masa ƙarshen takardarka, wajen maganar lauje. Ya ce zai iya jira zuwa kasuwa mai zuwa, amma ba zai wuce haka ba, don aiki ya yi masa yawa kuma alkawari alkawari ne. Na ce na yarda.

Ba daidai ba ne uwar maƙerar ta bar gidanmu ɗan fari bai sa mata hannu ba. Na ciro ta daga ƙarƙashin gado, na ɗora a ka da gammo, ni da ciwon gwiwata, na kai ta tasha ban ko huta a hanya ba. Na ce wa Badaru ya sauke ta a zaurenka, kada ya wuce da ita ciki ko ka roƙe shi. Ka buɗe buhun, ka dube ta, ka shafa ta, ku yi sallama.

Ranar kasuwa Badaru zai biyo. In ya same ta cikin buhu, ko a bayan ƙofa, zai ɗauko ta ya kai wa Malam Ahmad kai tsaye, ba sai ta sake kwana a ɗakina ba. Ba zan ƙara yi maka maganar ba, kuma ba zan ji haushinka ba ko ta wane gefe.

Ka gaida Ɗan'auta, ka ce ina yi wa jakinsa jaje.

Ƙanwarka har kullum,
Ummussalma.

*

Birnin Kudu,
ranar kasuwa.

Ummu,

Sallama. Badaru yana tsaye, mota cike da fasinja, don haka a gurguje.

Ta iso lafiya. Ta fi yadda nake tunawa nauyi nesa ba kusa ba. Na gwada ɗaga ta, bayana ya ƙi. Tunda ba ta motsuwa, dole na kafa ta a inda aka sauke ta, na kwaso wutar na kawo wajenta. Ƙyauren zauren kuma yana tare hayaƙi, na sa an cire shi an jingine a baya. Na ɗan lokaci ne. Kada ki fassara.

Ki ba Malam Ahmad haƙuri, ki ce ya mayar da baronsa.

Ƙararta tana nan yadda take.

Zan tsaya haka. Ɗan'auta ya sake karya fartanyar, ya riga ya zauna a bayan fatun yana ta kiran Maƙeri, kuma duk titi ana jin sa.

Yayanki,
Badamasi.